Na'ura Ta Gani, Amma Wa Ya Kamata Ta Gaya Wa?

Abin da nake so in yi magana a kansa a cikin mujallarmu ta bana shi ne wata fasaha ta kwamfuta wadda take gano abubuwa a cikin hoto, da kuma tambayar da take biye da ita, watau wane ne ya kamata a bari ya ga sakamakon da na'urar ta fitar. Ni dai ɗan aji biyar ne, shekarata goma sha shida, kuma akwai waɗanda suka fi ni sanin kwamfuta a makarantar nan. Abin da ya sa na zaɓi wannan batu shi ne, a zangon karatu na biyu na yi wani sakaci wanda ya jawo wa wani yaro ɗan aji ɗaya horo da kunya ba da laifinsa ba. Tun daga ranar nan na shiga tambayar malaminmu na kwamfuta, ina kuma karanta duk abin da na samu a kan al'amarin. Abin da na koya shi zan shimfiɗa a nan, ko wani ya amfana kafin ya faɗa ramin da na faɗa.

Yadda na'urar take aiki

Da farko ya kamata mu san cewa kyamara ita kaɗai ba ta san kome ba. Aikinta ɗaukar hoto kurum, hoton kuwa a wurin kwamfuta ɗigo-ɗigo ne masu yawan gaske, kowane ɗigo da lambar da ke nuna launinsa da haskensa. Domin kwamfuta ta iya cewa ga mutum, ga mota, ga saniya, sai an koya mata. Yadda ake koya matan shi ne, ana tara hotuna dubbai, sa'an nan a sa mutane su zauna su zana akwati a kewayen kowane abu da ke cikin hoton, su rubuta sunansa. Daga nan sai a riƙa nuna wa kwamfutar hotunan tana cinka, in ta yi kuskure a gwada amsarta da ta mutanen, ta ɗan gyara lissafinta. Haka za a yi ta maimaitawa har ta kai ga in an nuna mata hoton da ba ta taɓa gani ba, sai ta zana akwatin da kanta. Wannan shi ake nufi da koyon na'ura.

Ɗaya daga cikin tarin hotunan da aka fi amfani da su wajen wannan koyarwa shi ne wanda ake kira COCO, wanda masu bincike na kamfanin Microsoft tare da na wasu jami'o'i suka fitar a shekarar 2014. Yana ɗauke da hotuna fiye da 300,000, kuma an saba koya wa na'ura irin abubuwa 80 daga cikinsa, kamar mutum da keke da kujera da doki da tunkiya. A shekarar 2015 kuma wani ɗalibin Jami'ar Washington a Amurka mai suna Joseph Redmon, shi da abokan aikinsa, suka fito da wata dabara da suka sa wa suna YOLO. Ma'anar sunan ita ce kallo ɗaya tak ya isa. Dabarar tana iya duba hoto 45 a cikin daƙiƙa guda, saboda haka tana iya bin hoton bidiyo yana cikin tafiya. A shekarar 2020 shi Redmon ɗin ya ba da sanarwa cewa ya daina bincike a wannan fanni, domin yana tsoron yadda ake amfani da shi a aikin soja da kuma leƙen asirin mutane. In wanda ya ƙera abu ya ji tsoronsa, lalle mu masu amfani da shi ya kamata mu yi hattara.

Duk lokacin da na'urar ta ga wani abu, abubuwa uku take fitarwa. Akwai akwatin da ke nuna inda abin yake a cikin hoton. Akwai sunan abin. Akwai kuma wata lamba mai nuna iyakar amincewarta da amsar, misali kashi 90 cikin ɗari ko kashi 55 cikin ɗari. Mutum ne yake yanke cewa daga kashi kaza zuwa sama za a karɓi amsar. In ya sa iyakar ƙasa ƙwarai, sai na'urar ta yi ta ƙararrawar banza. In ya sa ta sama ƙwarai, sai abin da ake nema ya wuce ba ta ce uffan ba. A kan waɗannan uku galibi ana ƙara lokaci da wuri, a adana su tare da hoton. To, wannan tarin bayani shi nake nufi da sakamako.

Akwai bambanci tsakanin gano abu da gane fuska. Mai gano abu cewa take yi ga mutum, ba ta cewa wane ne. Amma kada wannan ya ruɗe mu mu ɗauka sakamakon ba shi da haɗari. A wuri kamar makarantar kwana, inda kowa ya san kowa, in aka ce an ga ƙaramin mutum da bokiti a wuri kaza da ƙarfe kaza, to, ai an kusa faɗin sunansa ke nan.

Abin da ya faru da mu

Duk wanda ke makarantar nan ya san lambun Ƙungiyar Matasa Manoma da ke bayan sito, ya kuma san irin ɓarnar da awakin gari suke yi masa in sun kutso ta ƙarƙashin waya. Malaminmu na kwamfuta ya ga cewa wannan hanya ce mai kyau ta koyar da mu, sai ya kawo wata tsohuwar waya muka ɗaura ta a tagar sito tana kallon lambun, ga fitila mai aiki da hasken rana tana haskaka wurin da dare. Wayar tana aika hoto zuwa kwamfuta, kwamfutar kuma tana adana duk hoton da ta ga dabba ko mutum a ciki. Abin dariya shi ne babu akuya a cikin abubuwa 80 na COCO, saboda haka kullum ta ga akuya sai ta ce tunkiya, wani lokaci ma ta ce kare. Mun sha dariya a kan wannan, amma mun koyi cewa na'ura ba ta sanin abin da ba a nuna mata ba.

Ni ne sakataren kulob ɗin kwamfuta, don haka malam ya ba ni kalmar sirri ta buɗe sakamakon, ya ce in riƙa ƙidaya awakin kowace safiya ina rubutawa. Wata rana aka wayi gari an yi wa tumatir mummunar ɓarna. Wani abokina wanda yake firifet ne ya zo ya ce in ba shi kalmar ya duba, ni kuwa don kunya da son a ce na iya, sai na ba shi. Da ya buɗe, bai tsaya duba kome ba sai inda aka rubuta mutum. Ya tarar da hoto guda na wajen ƙarfe biyar da minti goma na asuba, ga wani ɗan ƙaramin yaro da bokiti a gefen waya. Nan take ya kira sauran firifet suka kalla, suka ce ai wane ne ɗan aji ɗaya. Kafin a kaɗa ƙararrawar shiga aji an sa yaron ya durƙusa a rana, an ba shi yankan ciyawa na kwana uku, yara kuma sun sa masa suna Ɓarawon Tumatir.

Sai da yamma malam ya ji labari. Ya zauna ya bi sakamakon daren nan daki-daki, sai ga shi da wajen ƙarfe uku na dare an rubuta tunkiya sau da yawa, ga awaki huɗu a tsakiyar kunyar tumatir suna ta ci. Shi kuwa yaron, hotunan da ke gaba da na baya sun nuna wucewa kurum ya yi zuwa famfon da ke bayan lambu, don ya riga layin ɗibar ruwa. Ko taɓa wayar bai yi ba.

Abin lura a nan shi ne na'urar ba ta yi ƙarya ba. Ta ce ga mutum, kuma lalle akwai mutum. Ɓarnar ta taso ne daga wanda aka bari ya duba, wanda ba a koya masa yadda ake karanta sakamakon ba, yana kuma da ikon yin horo. Wanda ya buɗe masa ƙofa kuwa ni ne. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe

Da na shiga bincike sai na tarar manyan kamfanoni ma sun yi irin kuskurena, nasu kuwa ya fi nawa muni nesa ba kusa ba.

A watan Maris na shekarar 2021 wasu masu kutse suka shiga cikin kyamarori kusan 150,000 na wani kamfanin Amurka mai suna Verkada, waɗanda aka kafa a asibitoci da makarantu da gidajen yari da masana'antu. Ba su yi wata wahala ba. Sun tsinci suna da kalmar sirri ta wani babban asusu a fili a intanet, asusun kuwa yana buɗe kyamarar kowa. Mabuɗi guda ya buɗe ɗaki dubbai.

A watan Mayu na shekarar 2023 hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka ta zargi kamfanin Ring, mai sayar da kyamarorin gida, da barin ma'aikatansa suna kallon bidiyon mutane ba tare da wani shinge ba. Hukumar ta ce a shekarar 2017 wani ma'aikaci ya yi watanni yana kallon bidiyo dubbai na mata aƙalla 81, daga kyamarorin da ke ɗakin kwana da banɗaki. Wata abokiyar aikinsa ce ta lura ta kai ƙara. Da yake kamfanin ba ya ajiye lissafin wanda ya kalli me, bai iya sanin ko mutum nawa ne suka yi irin wannan ba. A ƙarshe ya yarda ya biya dala miliyan 5.8.

A watan Disamba na shekarar 2022 kuma mujallar MIT Technology Review ta ba da labarin wasu hotuna da na'urar shara ta kamfanin iRobot ta ɗauka a shekarar 2020, a gidajen mutanen da suka yarda su gwada ta. An aika hotunan ga wani kamfani mai suna Scale AI don a zana akwatuna a rubuta sunayen abubuwa, watau irin koyarwar nan da na bayyana a sama. Wasu daga cikin masu aikin, a ƙasar Benezuwela, suka sa hotunan a zaurukansu na intanet, har da hoton wata mata tana banɗaki. Wannan ya nuna mana cewa tun daga lokacin koyar da na'ura ake bukatar tsaro, tun kafin ta fara aiki.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na watan Oktoba na shekarar 2025, a wata makarantar sakandare da ke gundumar Baltimore a jihar Maryland. Na'urar da aka sa don gano bindiga ta ga wani ɗalibi, sa'ana, riƙe da ledar abin taunawa, sai ta ɗauka makami ne. Jami'an tsaro na hukumar makarantu suka duba hoton, suka ga babu makami, suka soke gargaɗin. Amma shugabar makarantar, wadda ita ma gargaɗin ya iso mata, ba ta san an soke ba, sai ta sanar da ɗan sandan makaranta, shi kuma ya kira ofishinsu. 'Yan sanda suka zo da bindigogi, suka sa yaron ya durƙusa, suka sa masa ankwa. Da wani ya yi gaggawa a daren nan, da labarin ya zama na makoki.

Ƙa'idojin da ya kamata a bi

Daga waɗannan labarai da abin da malam ya koya mana, na tsamo ƙa'idoji shida.

Ta farko, kowa ya shiga da sunansa da kalmar sirrinsa. Kalmar da mutum biyu suka sani ta tashi daga sirri. In da hali a ƙara mataki na biyu, kamar lambar da ake aikowa ta waya, don ko an saci kalmar ba za ta isa ba.

Ta biyu, a ba kowa iyakar abin da aikinsa yake bukata, kada a ƙara masa ko kaɗan. Wannan ƙa'ida tsohuwa ce, domin wasu masana biyu na jami'ar MIT, Jerome Saltzer da Michael Schroeder, sun rubuta ta tun a shekarar 1975. A shekarar 1992 kuma David Ferraiolo da Richard Kuhn, na hukumar ma'auni da fasaha ta Amurka, suka tsara yadda za a rataya izini a kan muƙami maimakon a kan mutum. Mu ma a makarantar nan haka muke yi da mabuɗai. Mai sito yana da mabuɗin sito, basa yana da na ofishin kuɗi, malamin gida yana da na ɗakin kwana, kuma ranar da aka canja wa mutum aiki sai ya miƙa mabuɗin ga wanda ya gaje shi. Ba wanda ya taɓa ba firifet mabuɗin ofishin jarrabawa don kawai abokinsa ne.

Ta uku, a rarraba sakamakon hawa-hawa. Mai kula da lambu abin da yake bukata shi ne adadi, watau awaki nawa suka shigo, da ƙarfe nawa, ta wace kusurwa. Ba ya bukatar hoto ko ɗaya. Wanda yake gyara na'urar yana bukatar hoto, amma ana iya dusashe fuskokin mutane kafin ya gani, kamar yadda kamfanin Google ya fara yi wa hotunan tituna a shekarar 2008. Cikakken hoto kuwa a bar shi ga mutum ɗaya ko biyu, su ma sai da dalili.

Ta huɗu, a ajiye littafin shiga da fita. Duk wanda ya buɗe hoto, kwamfuta ta rubuta sunansa da lokaci da abin da ya kalla, kuma kada shi kansa ya iya gogewa. Sa'an nan a sami wanda zai riƙa duba littafin, domin littafin da ba a karantawa ba ya tsoratar da kowa.

Ta biyar, kada a ajiye abin da ba a bukata, kada kuma a daɗe ana ajiye wanda ake bukata. Mu awaki muke nema, to, me ya sa muke adana hoton mutane? Da tun farko mun gaya wa na'urar ta zubar da duk abin da ta kira mutum, da yaron nan bai sha rana ba. Hoton da aka goge ba mai iya satarsa.

Ta shida, sakamakon na'ura zato ne, sai mutum mai horo ya duba gaba da baya kafin a hukunta kowa. In kuma an soke gargaɗi, sokewar ta isa ga duk wanda gargaɗin ya isa gare shi, ta hanya guda kuma a lokaci guda.

Wani zai iya cewa, to, in aka kulle kome haka, ina amfanin na'urar? In ɓarawo ya hauro katanga da dare, sai maigadi ya jira a tashi shugaban makaranta ya ba da izini? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma gaskiya ce cewa kulle da ya wuce kima yana sa mutane su koma ba juna kalmar sirri a ɓoye, a koma gidan jiya. Amsar ita ce a tsara tun da wuri. Maigadi ya sami gargaɗi nan take cewa ga mutum a kusurwar gabas, domin aikinsa ke nan. Abin da ba zai samu ba shi ne ikon komawa baya ya kalli hotunan makon jiya, ko ya kwafa ya nuna wa wani.

Ya kamata kuma mu sani cewa al'amarin ya shafi doka. A watan Yuni na shekarar 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukuma ta musamman don kula da yadda ake tara bayanan mutane da yadda ake amfani da su. Hoton da za a iya gane mutum da shi yana cikin irin waɗannan bayanai, kuma dokar ta ba bayanan yara kariya ta musamman. Saboda haka duk makarantar da ta kafa kyamara ta ɗauki amana a wuyanta.

Kammalawa

Bayan abin da ya faru, malam ya sake tsarin gaba ɗaya. Yanzu na'urarmu ba ta adana hoton mutum. 'Yan kulob muna ganin adadin dabbobi da lokacin shigarsu kurum, kowa da sunansa yake shiga, hotunan awakin kuma suna gogewa da kansu bayan kwana bakwai. An manna takarda a jikin sito mai sanar da cewa akwai kyamara, da abin da take nema, da wanda za a tuntuɓa in mutum yana da ƙorafi. An kuma toshe ramin da ke ƙarƙashin waya, wanda da ma shi ne asalin matsalar. Ni kuwa an karɓe sakatarancin daga hannuna, kuma ban ga laifin kowa ba.

Ni da abokina mun je mun ba yaron haƙuri a gaban malamin gidansu, shugaban makaranta kuma ya wanke shi a taron safe. Ya ce ya yafe. Amma har yau nakan ji wani yaro ya kira shi da sunan nan a filin wasa, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa, hoto kuwa ya fi magana saurin yawo. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya taimake ni ya daina kiransa da sunan, ya kuma hana wanda ya ji yana kira.

Ga 'yan'uwana da za su gaje mu a kulob ɗin kwamfuta, da waɗanda za su tafi jami'a su karanci wannan fanni, shawarata ita ce kafin ku ɗaura kyamara a ko'ina, ku zauna da takarda da alƙalami ku rubuta sunayen waɗanda za su ga sakamakon, da abin da kowannensu zai gani, da ranar da za a goge shi. In aboki ya zo yana neman kalmar sirri, ku tura shi wurin malam. Nan zan dasa aya, sai kuma mujalla ta baɗi in muna da rabo.